Ɗakin Fentin Kawu

Ranar da Kawu ya kori Auta daga shagonsa na kujeru, a gaban Mama ya kira ta maƙaryaciya.

"Ciwon asma? Lalaci dai. Likitana ya sa ta hura bututu, ya ce huhunta garau."

Mama ta sunkuyar da kai, don yayanta ne. Ni kuwa ina kallon ƙanwata tana jan numfashi kamar ta zuƙo shi ta cikin tsinke. Shekara biyu tana fesa fenti a ɗakin da ko taga babu. Na rantse sai na ga an garƙame ƙofar ɗakin nan da kwaɗo.

Na san dabararsa. Duk ranar gwajin huhu, sai ya jera ma'aikata ya ba kowa maganin shaƙa, ƙirji ya buɗe na ɗan lokaci, su hura da ƙarfi, su wuce.

Na kai Auta wajen wata likitar huhu. Na'urarta ba ta son ƙarfi. A hankali ake fitar da numfashi, ita kuma ta auna abin da ke cikin iskar.

"Manyan hanyoyin lafiya lau," in ji likitar. "Ƙananan na can ƙasa ne suka kumbura suka tsuke. Wancan gwajin ba ya kaiwa nan."

"In an shaƙi magani kafin a hura fa?"

"Kumburin zai fito a iskar duk da haka."

Daga nan ofishin masu duba lafiyar ma'aikata na nufa. Na yi ta sintiri har suka gaji da ganina, suka sa ranar zuwa shagon, tare da likitar da na'urarta.

Da kaina na kira Kawu na faɗa masa ranar, cikin ladabi.

"Kin kyauta, 'yar albarka," ya ce.

Da safe ya raba maganinsa kamar yadda ya saba. Masu fenti shida suka hura ɗaya bayan ɗaya. Fuskar jami'in da ofishin ya turo tana ƙara ɗaurewa, alƙalaminsa bai tsaya ba.

"Na'urar banza ce," Kawu ya ce, ya fizge bututun. "Shekara talatin ina cikin fenti. Ku gani."

Ya cika ƙirji zai hura da ƙarfi.

"A hankali, Baba," in ji likitar. "Ba wuta za ka kashe ba."

Masu fenti suka ƙunshe dariya. Ya hura. Likitar ta dubi allon, ta sake dubansa.

"Naka ya fi na kowa muni. Gobe ka zo asibiti."

Jami'in ya datse ɗakin fentin da kwaɗo, ya liƙa takarda. Kawu ya zauna kan wata kujera da ba a gama ba, ya kama gefen mayafina.

"Ke kika kawo su?"

"Ni ce, Kawu."

"Ki raka ni goben. Ban san kan asibitin nan ba."

Na zare mayafina.

"Gobe Auta zan kai. Ka tambayi likitanka hanya."