Hutun Injin Sabulu

Kwamfutar masana'antar sabulun ta mutu ran Litinin, bayan shekara ashirin da shida tana sarrafa injin haɗi. Duk shagon da Manaja ya shiga da faifanta, dariya ake yi masa. Daga ƙarshe aka kira mai gyaran waya, ƙanen shugaban ma'aikata, mutumin da bai taɓa yarda wani aiki ya fi ƙarfinsa ba, ko da kuwa ya fi.

Kwana biyu yana fama. Ya saka wa wata waya manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, ya zuba mata shirin injin, ya jona ta da injin da kebul. Koren rubutu irin na tsohuwar kwamfutar ya bayyana a allon wayar, injin ya yi gurnani ya tashi.

"Kai, 'yar ƙaramar nan ta fi tsohuwar zafin nama!" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ai tsohuwar ko kusa ba ta kai ta ba," mai gyara ya amsa, kansa ya kumbura.

Bayan kowane zagaye injin kan huta minti goma sha biyar. A wannan hutun ne yayan mai gyaran ke sauka cikin tukunyar ƙarfe ya kankare sabulun da ya manne a wuƙaƙenta. Ba a kashe wuta, don in an kashe sai an ɓata awa guda ana sake saiti.

Injin ya tsaya. Yayan ya ɗauki makankararsa.

"Yaya, a kashe wutar mana yau, tunda sabon abu ne."

"Kai dai riƙe wayarka. Tun kana firamare nake shiga tukunyar nan."

Ya hau tsani, ya ɓace ciki.

Mai gyara ya dubi allon. Ƙidayar hutun ta fara daga ɗari tara, amma lambobin zuba suke yi kamar an buɗe famfo. Ashe shirin ba ya duba agogo, ƙirga kawai yake yi, kuma nawar tsohuwar kwamfutar ce ke mayar da ƙirgan minti goma sha biyar.

Ya danna allon, ya sake dannawa. Tsohon shiri bai san yatsa ba.

"Yaya! Fito! Fito yanzu!"

Kankarar ta tsaya. "Me kuma?" muryar ta taso daga ƙasan tukunyar, ba ko alamar gaggawa.

Mai gyara ya fizge kebul ɗin. Allon ya riga ya nuna sifili, daɓen ƙarƙashin ƙafafunsa kuma ya fara rawa.