Sallama Uku a Zauren Kamaruddeen

Tun da Kamaruddeen ya samu aikin haɗa sola a Abuja, hankalinsa bai taɓa barin ƙauyensu da ke kusa da Ɗanbatta ba, inda ya bar matarsa Tahira da cikin wata takwas. Da hannunsa ya kafa kyamara biyu a gidan, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, ya jona su da na'urar naɗar hoto a ɗakinsa, ya sa mata intanet. Ko ina yake, da ya buɗe waya ya danna lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, sai ga gida a gabansa. Tahira har tsiya take masa: "Malam mai gadi, yau ma ka ga na ƙona miya?"

Ranar wata Laraba da kaka, wajen sha biyun rana, yana kan rufin wani bene, ya raɓe a inuwar tankin ruwa ya buɗe wayar don kawai ya ga fuskarta. Hoton ya daɗe yana juyi kafin ya fito.

Tahira ce kwance rigingine a gefen turmi, kanta ba ɗankwali, faifan wake ya kife kusa da hannunta.

Da fari ya ce ko hoton ne ya tsaya, don sabis ɗin ƙauyen ya saba yi masa haka. Ya dubi agogon da ke kusurwar hoton, daƙiƙu na tafiya. Kaji na tsattsagar waken, wata har ta tsallake ƙafarta. Ita kaɗai ce ba ta motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya kira lambarta. Yana kallon wayarta tana haske a kan tabarma, har ta katse. Ya kira Innarsa, wadda ta tafi suna Tsanyawa tun safe, aka ce wayarta a kashe take. Ya mayar da hoton baya. Ya ga Tahira ta miƙe da faifan, ta dafe goshi, ta laluba bango ba ta same shi ba, ta zube. Minti goma sha ɗaya ke nan da suka wuce.

Matan unguwa duk suna gona wajen tsinkar gyaɗa. Mutum ɗaya ya san ba ya nisa da gida, maƙwabcinsu Malam Sama'ilu, dattijon da ke limancin masallacin unguwar.

"Malam, don girman Allah ka je gidana yanzu! Tahira ta faɗi, ba ta motsi!"

"Subhanallahi! Wa ya faɗa maka?"

"Ina kallonta, Malam! Ka yi sauri!"

Ya koma kan kyamarar zaure. Minti biyu, uku. Can sai ga Malam da sandarsa da babbar riga, waya a kunne. Ya tsaya cak a bakin ƙofar ciki.

"Salamu alaikum, masu gida."

Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku da ƙarfi, yana buga sanda a ƙasa. Sai Kamaruddeen ya ga ya juya.

"Malam, ina za ka?"

"Ba a amsa ba, ɗana. Bari in sa Uwaisu direba ya ɗauko min Sauda daga gona a motarsa. Mace ce ta dace da wannan."

Baba Sauda matar Malam ce, gonarsu kuwa tana can bayan fadama. Ko da mota, zuwa da dawowa sai ya ci minti ashirin.

"Wa zai amsa maka, Malam? Mai amsawar ce a kwance!"

"Shekara arba'in muna maƙwabtaka da mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa wuce wannan ƙofar ba. Da mayafi a jikinta?"

Kamaruddeen ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Babu, Malam. Amma ni ne mijinta, ni ne mai gidan. Na amsa sallamarka. Wa alaikumus salam, Malam, shigo. Rai biyu ne a wurin nan."

Dattijon ya juyo. Ya ce, "Kada ka matsa, zan sake kiranka." Ya katse.

Kamaruddeen na kallonsa yana magana a waya da wani, yana nuni da sanda wajen fadama. A ɗaya hoton, ƙafar Tahira ta soma karkarwa. Ya ciji hannunsa har ya ji ɗanɗanon jini. Wayar ta yi ƙara.

"Uwaisu ya tafi. Ni kuma ga ni." Malam ya jingine sanda, ya tuɓe babbar rigarsa ya riƙe ta a gabansa kamar labule, ya sunkuyar da kai. "Ba zan ɗaga ido ba. Kai ne idona, faɗa min inda zan bi."

"Miƙe, Malam. Yi dama kaɗan, akwai randa. Yawwa. Taku huɗu. Ga turmi nan, tana bayansa."

A daidai nan hoton ya daskare. Agogon kusurwa ya tsaya, Malam ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama.

"Malam! Ba na ganin komai!"

Babu abin da yake ji sai numfashin tsoho da kukan kaji. Sannan ƙarar yadi, fuu.

"Na rufe ta. Tana numfashi, amma da ƙyar, akwai kumfa a bakinta."

Nan Kamaruddeen ya tuna abin da nas ta faɗa ranar da ya raka ta awo. "Juya ta gefen hagu! Kada ka ba ta ruwa!"

"Bismillahi," in ji Malam. Aka ji nishi, sannan wani tari mai tsawo, mai shaƙewa. "Yawwa, 'yata. Fitar da shi. Yawwa."

Lokacin da hoton ya dawo, Malam na tsugune daga shi sai 'yar shara, ya tare mata rana da jikinsa, fuskarsa na kallon bango. A haka ya zauna har Baba Sauda ta faɗo gidan da gudu, ƙasar gona har gwiwa.

Kamaruddeen bai san yadda ya sauko daga benen ba. Yana cikin motar Kano, sun wuce Kaduna bayan la'asar, kiran Baba Sauda ya shigo. Ya kasa dannawa sai da na kusa da shi ya taɓa shi.

"Jininta ne ya hau, amma ya sauka. Likita ya ce juyawar nan ce ta hana ta shaƙewa. An duba cikin, yana motsi. Ga ta nan, tana son magana."

Sai ga wata siririyar murya.

"Kamal?"

"Na'am, Tahira. Na'am." Hawaye na zuba, bai damu da mutanen mota ba.

"Wai da gaske Malam Liman ne ya shigo har tsakar gida?"

"Shi ne."

"Wayyo ni, ko shara ban yi ba."