Hancin Baba Khiem

A gidanmu ba a sa hanci a ganga bayan Baba ya sa nasa. Ba wanda ya taɓa kafa dokar da baki, da ita kawai na tashi. Shekara talatin da ɗaya mahaifina, Baba Khiem, ya yi yana wanke gangunan giya a wani ƙaramin kamfani a nan Nam Dinh, har aka rufe wurin aka mai da shi gareji. Abin da ya fito da shi daga can hannaye ne da soda ta cinye, sai kuma hanci. Ya sunkuya a bakin ganga ya ja numfashi sau ɗaya, zai gaya maka ko tsohuwar giya ce ta maƙale a gindi, ko sodar ce ba ta fita ba, ko robar baki ce ta mutu.

Ni na fara dafa giya a tsakar gida bayan rasuwar Inna, don in samar wa tsohon abin yi. Ba ta sayarwa ba ce, ta gida ce da dangi. Ni da tukunya da tsiron sha'ir da yis, shi da ganguna uku na ƙarfe irin na kamfani. Sai ya kwantar da ganga, ya rufe bakinta da tsumma, ya danna ya sace iskar da ta rage, don ya taɓa ganin bututun ciki ya yi tsalle ya zubar wa wani haƙora huɗu. Sannan ya zare bututun, ya cika ta da ruwan zafi da soda, ya mirgina ta da ƙafa daga bakin rijiya zuwa gindin gwanda, ya ɗauraye sau uku, ya kife ta. Ni dai ina gefe ina miƙa masa bokiti. In ta tsane sai ya shinshina ya ce, "Ta wuce." In bai ce ba, sai a koma farko.

Yayana Tuat yana can birnin Saigon, a bene hawa na goma sha huɗu. Duk Lahadi sai ya bugo waya da magana ɗaya.

"Nhan, ki daina wahalar da tsohon nan. Ga ɗaki na gyara masa, ga asibiti a ƙasan bene. Ke kin mai da shi ɗan wanke-wanke."

Wata rana Baba ya fizge wayar daga hannuna. "Kai Tuat, ranar da hancina ya kasa rabe ganga mai tsabta da mai datti, ka zo ka ɗauke ni, ko a buhu ne. Kafin nan ka shafa min lafiya."

Yaya Tuat ba ya mantuwa, Baba kuma ba ya janye magana. Na taɓa zuwa gidan nan na Saigon. Tagar ɗakin ba ta buɗuwa, kuma ba abin da ake hange sai shanyar wasu mutane. Na san in aka kai Baba can, zama zai yi a kujera har ya ƙare.

Shi ya sa ranar da kifi ya ƙone ƙurmus a kan murhu, Baba yana zaune taku biyu daga wurin yana gyaran tocila, gabana ya faɗi. Daga bakin ƙofa na jiyo ƙaurin, shi ko gezau. Na sauke tukunyar na ce a raina hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Ƙarya na yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce.

Cikar Inna shekara biyar da rasuwa ta matso, za mu tara mutum arba'in, ganga uku ba za ta isa ba. Na samo ta huɗu a wajen mai gwangwan, ta ɗan lotsa a kafaɗa amma bakinta lafiya lau. Ban tambaye shi daga ina ta fito ba. Ranar wankinta tukunyar gas ɗinmu na giya, wanda ke sa ta kumfa, ta ƙare, na ɗaura ta a babur na tafi cikowa, aka tsayar da ni a layi har rana ta take. Ko da na dawo, Baba ya wanke ta shi kaɗai, ya mai da bututun, ya ɗaure baki.

"Ta wuce, Baba?"

"Ta wuce."

Na tsaya a kanta da sifana a hannu. Minti biyu ya ishe ni in kwance bakin in shinshina. Amma yana tsaye yana goge hannu yana kallona, kuma in na sa hanci a gangar nan daidai yake da in ce masa ya haɗa kayansa. Na ajiye sifanar. Tsoro ne ya hana ni, ba ladabi ba, ko da yake a lokacin ladabi na kira shi.

Na hura mata gas na kori iskar ciki, na haɗa tiyo, na sako giyar a hankali ta bututun don ta cika daga gindi ba kumfa. Giyar da sanyinta, sai raɓa ta riƙa hawa jikin ƙarfen tana nuna min inda ta kai. Baba ya bi layin raɓar da yatsa har wuya, ya ce in tsaya. Muka tura ta firji da sauran ukun, kwana goma. Giyar ranar Inna kuwa ba mai ɗanɗana ta kafin ita. Kofin farko nata ne, haka Baba ya tsara tun shekarar farko.

Ranar ta zo. Tun safe gida ya cika da kaji da shinkafa mai danƙo da hayaniyar Gwaggo Luu, ƙanwar Baba, wadda bakinta ba shi da birki. Yaya Tuat ya sauka da takalmi mai sheƙi, ya zagaya tsakar gida yana tsallake tiyo kamar zai cije shi.

"Sannu, manajan kamfani," ya ce da ni. "Ina babban injiniya?"

"Yana ciki. Ka cire takalmin nan kafin ka zame ka ja mana magana."

Baba da kansa ya zaɓi sabuwar gangar a fara da ita. So yake ɗansa ya ga abin da ya iya mayarwa sabo daga bola. Ya tsiyaya kofin farko, kumfa fari tas, ya kai teburin kakanni, inda muke tunawa da mamatanmu, ya ajiye gaban hoton Inna. Aka kunna turaren tsinke, kowa ya rusuna. Ni ina kicin ina yanka kaza lokacin da aka tsiyaya wa sauran. Da turaren ya cinye aka zauna a tabarmi, na fito aka miƙo min nawa.

Tun kafin kofin ya kai bakina na ji. Warin ruwan kifi ne, irin wanda ake tsumawa da gishiri wata da watanni, amma wanda ya ruɓe ya kwana a roba. Wani ya taɓa ajiye shi a gangar nan, ya shige cikin robar baki, kwana goma yana tsatsafowa cikin giyata.

Baba ya ɗaga kofinsa, ya shanye rabi, ya goge baki. "Ta yi," ya ce.

Mutane suka kurɓa. Wani ya juya ya tofar a gindin gwanda. Sauran suka riƙe kofuna suna kallon tabarma, sai Gwaggo Luu.

"Ke Nhan, giya kika ba mu ko miya? Kawo shinkafa mana mu zuba a kai!"

Ba wanda ya yi dariya. Na ga Baba ya dubi kofinsa, ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya dube ni.

"Laifina ne," na ce da sauri. "Ni na wanke wannan. Baba bai gan ta ba, sauri nake yi na rufe ta."

"Ke dai kullum garaje," in ji Gwaggo. Yaya Tuat ya buɗe baki zai ɗora nasa, kuma wallahi da ya zage ni a gaban mutum arba'in da na gode masa.

"Rufe min baki, Nhan," Baba ya ce. "Ba a yi min ƙarya a ranar uwarki." Ya ajiye kofin. "Ni na wanke ta, ni na ce ta wuce. Tun zazzaɓin da na yi bara da damina ba na jin warin komai. Turaren can ma hayaƙinsa kawai nake gani."

Ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗaki. Ta ƙofa muna kallonsa ya sauko da kofin Inna da hannu biyu, ya tsaya gaban hoton. "Yi haƙuri, tsohuwa," ya ce. "Ruɓaɓɓen abu na ba ki." Ya fito ya zubar a magudana, ya wanke kofin, ya tsiyayo daga tsohuwar ganga ya mayar mata.

Na zaci Yaya Tuat zai yi murna. Sai ya juya wajen Baba. "Baba, maganar waya ce fa, ba sai..."

"Ni na faɗa, ba kai ba. Sayo tikitin jirgin ƙasa."

Kwana biyu na yi ina roƙonsa, na yi faɗa, na yi kuka, na ce ya zauna ko ba zai ƙara taɓa ganga ba. Ya ce mai zama a tsakar gidan nan yana kallon wani na wanki ba shi ba ne.

Da safen tafiyar, jakarsa na bakin ƙofa, na same shi a bakin rijiya da gangar nan. Ya cire tsohuwar robar ya jefar, ya sa sabuwa, ya wanke ta da soda sau biyu. Ya kira ni.

"Zo ki shinshina."

"Baba..."

"Shekara guda ke nan da hancinki nake aiki, ke ce ba ki sani ba. In na zare bututu sai in saci kallonki. In kin yamutsa fuska, in sake wankewa. In kin ci gaba da surutunki, in ce ta wuce. Ranar nan kin tafi ciko gas, na waiga ba kowa."

Na durƙusa na sa fuskata a bakin gangar, karo na farko a rayuwata. Ƙarfe ne kawai da ɗumin ruwa. Na daɗe a haka don kada ya ga idona. Mai tasi yana ta oda a waje, Yaya Tuat ya ɗauki jakar. Da na ɗago, Baba yana tsaye da tsumma a hannu, ya zuba wa bakina ido yana jira.

"Ta wuce, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya miƙo min tsumman, ya bi bayan jakarsa.