Abin da Dakta Bai Sani Ba

Shekara talatin mai lambu yana sayar da shuke-shuke a gefen titi, kuma shi ya koya wa Auta, 'yarsa ta ƙarshe, riƙon fartanya tun tsayinta bai kai na ƙotar ba. Sai da ta shiga jami'a ya gano ashe bai san komai a kan ƙasa ba. Wanda ya sani wani ne wai shi Dakta.

Dakta malaminsu ne. Duk Asabar yakan kwashi ɗalibai zuwa rafin bayan unguwa, su cire wata ciyawa mai yaɗo da ta shaƙe bakin ruwan, su dasa itatuwan da tun asali wurin nasu ne. Ba a biyan kowa. Auta takan dawo da laka har gwiwa, bakinta ba ya rufuwa. Dakta ya ce saiwa ke riƙe bakin rafi. Dakta ya ce tsuntsaye za su dawo. Wannan zance na saiwa, mai lambu ya faɗa mata shi tana 'yar shekara bakwai, a lokacin hamma ta yi.

"Kai dai kishi kake, Baban Auta," in ji matarsa, tana kankare laka daga takalman robar yarinyar.

"Kishin me? Na san mutumin ne?"

"Shi ya sa ka tambayi tsawonsa har sau biyu."

Asabar da ta biyo baya ya rufe lambu da hantsi ya bi su Auta rafi, da niyyar ya ce wucewa ya zo yi. Rafin ba ya kan hanyar ko'ina.

Dakta siriri ne, da hula mai faɗi, yana riƙe da adda kamar za ta cije shi. Wannan ya ɗan sanyaya ran mai lambu. Abin da ya gani bayan nan ya fi daɗi: samari da 'yan mata suna sassara ciyawar gunduwa-gunduwa suna tarawa a kan danshin bakin ruwa. Ya san ciyawar nan farin sani. Shi da kansa ya yi shekaru yana sayar wa masu son katangarsu ta yi kyau. Kowane guntu ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya yi saiwa.

Zai iya yin shiru. Nan da sati uku ciyawar za ta ninka, Auta ta gani da idonta. Ya juya wannan tunani a ransa kamar alewa, amma sati uku ya yi masa nisa. Ya jira sai da Auta ta matso kusa, sannan ya yi gyaran murya.

"Sannu da aiki, Dakta. Cire ta kuke yi, ko shuka ta?"

Ya tura hannu ƙarƙashin tarin makon jiya, ya zaro guntu guda, fararen saiwoyi na reto a jikinsa.

Dakta ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sai ya tuntsire da dariya.

"Wata biyu ke nan muna yi wa ciyawa hidima. Ku taho nan, ku ajiye adduna. Baba, maimaita musu."

Mai lambu ya maimaita. A shanya ciyawar a kan siminti, nesa da ruwa, sai ta bushe ƙayau. Dakta ya rubuta kowace kalma, har da waɗanda ba su da amfani. Har azahar mai lambu na ba da umarni. Sau uku ya saci kallon Auta, duk sau ukun fuskarta na haske.

A hanyar gida shi ya ɗaukar mata fartanya. Ya bar mata fili ta fara yabonsa.

"Baba, ka gani ko?"

"Na ga me?" ya ce, yana shirya fuskar tawali'u.

"Yadda ya karɓi gyara. A gaban ɗalibansa fa. Da wani malamin ne, korarka zai yi. Irin su Dakta ba su da yawa."

Mai lambu ya mayar da fartanyar ɗaya kafaɗar.

"Kuma ya ce in tambaye ka ko za ka ba mu aron baro."

Mai lambu ya ce mata tayar baron ta sace. Baron kuwa lafiyarsa ƙalau.