Kwamfutar Mai Hoto

Umma ta ciro kwamfutar daga ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon zani, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

"Auta, kin dai san abin da ke ciki."

"Na sani, Umma."

"Babanku ke nan fa. Ba ni da wani."

Marigayin mai hoto ne. Ya ƙare rayuwarsa yana cewa mutane su ɗan ɗaga haɓa, su saki fuska, shi kuwa ba ya shiga hoto. 'Yan hotunan da aka ɗauke shi ba shiri duk suna cikin wannan na'urar, kuma su ne Umma ke sa a buɗe mata da la'asar idan an kawo wuta.

Auta ba don son ranta ta nemi aron ba. Wani kamfani ne ya kira ta gwajin aiki, aka ce za a zaunar da ita gaban baƙin allo irin na Unix, wanda ba a latsa hoto, sai dai a rubuta wa na'ura umarni ta aikata. A takarda Auta gwana ce, da sakamako mai kyau ta gama karatun kwamfuta. Sai dai da alli aka koya musu. Ɗakin kwamfutocin makarantar kullum da kwaɗo, ba a buɗe shi sai ranar da masu duba makarantu za su zo, a share, a jera ɗalibai a ce kowa ya ɗora hannu amma kada ya taɓa komai. Baƙi na juya baya ake mayar da ledojin da ake rufe kwamfutocin da su.

Mai gyaran waya na bakin titi ne ya saka mata tsarin, ya bar hotunan a inda suke.

"To, Injiniya, ga fili ga mai digiri," ya ce yana dariya. "Idan an ɗauke ki kada ki manta da mu."

* * *

Ranar farko ta rubuta ls, umarnin da ke nuna abin da ke wuri, sai ga sunaye sun jeru. Ta daɗe tana kallo. Ta rubuta wannan kalmar a jarrabawa ba adadi, ba ta taɓa ganin ta amsa ba. Ta yi zaton za ta ji daɗi, sai ta ji kamar an nuna mata ɗan'uwan da aka daɗe ana ba ta labarinsa, ta rasa abin da za ta ce masa.

Ta buɗe jakar ajiya a cikin na'urar ta sa mata suna gwaji, ta cika ta da tarkace, tana shiga tana fita, tana kwafa tana sauya suna. Umma kan leƙo da tsintsiya a hannu.

"Wai duk wannan rubutun ina hotunan?"

"Suna nan, Umma."

"To, madalla. Ni dai baƙin nan ba ya kwanta mini."

Ana jibi gwajin, da hantsi, Auta ta ga tarkacen sun yi yawa, ta ce bari ta share. Umarnin a kanta yake, shi ne tambayar da malaminsu ya yi mata jan maki har ya karanta amsarta a gaban aji. Ta rubuta rm, umarnin gogewa, da sauran abin da ke biye da shi, ta danna.

Na'urar ba ta tambaye ta ko ta tabbata ba. Ta ɗan yi jim, sannan ta sauko sabon layi.

Ta rubuta ls. Babu komai. Ta sake rubutawa. Sai a lokacin ta duba inda take, ta ga ashe tun ɗazu ta fito daga jakar gwajin, tana tsaye a babban gida, inda komai yake. A kan takardar jarrabawa mutum ba ya tsaye a ko'ina, don haka ba wanda ya taɓa ce musu a fara duba nan.

Ba ta yi kuka ba. Tana jin Umma na dauraye kwanuka a tsakar gida, tana jin ƙarar fanka, amma jikinta kamar na wani. Ta wuni tana sauko da duk manhajar da aka ce tana dawo da abin da ya ɓata, ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Wannan karon mai gyara bai ce mata Injiniya ba.

"Ƙanwata, wannan ba ta da kwandon sharar da abin da aka goge ke faɗawa. Da kin kashe ta nan take, da mun ceto da yawa. Abubuwan da kika yi ta saukowa da su a kan hotunan suka zauna." Ya sosa ƙeya. "Ba a gaya muku ba?"

"Ba a gaya mana ba."

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da ya tono bai wuce fuskokin baƙin mutane ba, abokan cinikin marigayi, wasu a yage, wasu launi ya cakuɗe. Na mai hoton kansa ɗaya ya fito.

Ta je gwajin, ta amsa abin da aka tambaye ta, kafin kowane umarni tana duba inda take har mai kula da masu gwajin ya gyaɗa kai. Aka ce za a neme ta. Ko a jikinta.

Da la'asar aka kawo wuta. Umma ta jawo kujerarta, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar yadda take yi idan za ta ga marigayin. Auta ta faɗa mata komai, muryarta ba hawa ba sauka, sannan ta buɗe hoton.

Daga ƙugu zuwa sama toka-toka ne, babu komai. Ƙasa kuwa ga wando, ga ƙafar abin ɗora kyamara, ga takalma.

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta matso da fuskarta dab da gilashin.

"Wannan takalmin matse shi yake yi," ta ce. "Na ce ya bayar, ya ƙi."

Sai ta kama bakin zaninta, ta shiga goge wurin tokar a hankali.