Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Muryar Yari Mai Shela

Duk wanda ya taɓa sayen gero a Babbar Kasuwar Katsina ya san muryar Yari mai shela, ko da bai san fuskarsa ba. Cikin irinmu yake, mutanen da, waɗanda ba mu taka aji ba amma muka sha yunwa, muka sha baƙon dauro, muka raka sa'o'inmu makwanci, ga mu nan daram. Yari in ya sa hannu a kunne ya buɗe baki a layin 'yan hatsi, sai 'yan yadi can ƙarshen kasuwa sun ajiye almakashi. Bai taɓa riƙe lasifika ba. Cewa yake yi wannan kayan marasa ƙirji ne.

To, sai 'yan kasuwa suka yanke shawara a naɗi gargaɗin gobara, na cewa kowa ya kashe gawayi ya zare wayar lantarki kafin ya rufe rumfa, a ɗora lasifika a kan keke napep ya riƙa zagayawa da shi. Da yawa suka ce a ba Nu'uman, wani mai tallan magani a rediyo, mai murya sumul. Alhaji Siddiq, shugaban 'yan hatsi, shi ya tsaya wa Yari. Suka ce sun ji, amma in la'asar ta yi ba a kawo murya mai kyau ba, Nu'uman za a kira.

Da hantsi Alhaji Siddiq ya kai shi shagon Rahila a Ƙofar Durbi. Rahila 'yar kudancin Kaduna ce, amma a nan aka haife ta, har ta aurar da 'ya tana wannan sana'a ta buga takardu da ɗaukar murya.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina kwana? Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya aiki, ya yara? Ƙarfin jiki kuwa, yanzu za ki ji shi. Ki dai riƙe wanga akwati naki da kyau kar ya faɗi."

Ta yi dariya, ta tsayar da shi gaban makirfo, ta danna kwamfuta, ta ɗaga masa hannu. Yari ya gyara hula, ya sa hannu a kunne, ya cika ƙirji.

"Jama'aaaa! Ku saurara!"

Labulen shagon sai da ya motsa. Mai gyaran babur na maƙwabta ya leƙo da sifana a hannu. Yari ya yi ɗan shiru, yadda aka saba, don masu awo su tsayar da mudu, sannan ya zuba saƙon tun daga fari har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya juyo yana kallon Alhaji Siddiq, yana jiran yabo.

Rahila ta kunna. Aka ji wani "Ja" mai ƙarfi, daga nan sai wani ɗan siririn abu kamar kukan sauro a cikin tulu.

"Innalillahi!" in ji Alhaji Siddiq. "Wane ne wannan?"

"Baba ne," in ji Rahila, ita ma ido waje.

"Ni?" Yari ya dafe ƙirji. "Ni? Ɗiyata, ki ji tsoron Allah. Wanga ko kaza ba ta matsawa don shi."

Rahila ta ce a yi haƙuri, ƙila waya ce ta yi sako-sako. Ta zare ta mayar. Ta shiga inda ake ƙara ƙarfin makirfo, ta tarar da shi can ƙasa, ta ce lallai wani ne ya taɓa mata, ta ja shi sama. Aka sake. Yari ya ƙara wa kiran ƙarfi har jijiyar wuyansa ta miƙe. Aka kunna: sauro. Ta ɗauko wani makirfo sabo daga kwali, ta sake jan ƙarfin sama, ta ce ya matso da bakinsa kusa. Sauro dai.

Sai ta ce bari ta gwada da kanta. Ta daidaita komai, ta ce, "Ɗaya, biyu, Rahila ce." Murya ta fito tas. Alhaji Siddiq ma, wanda in yana ciniki sai ka kara kunne kafin ka ji farashi, ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum." Ta fito rangaɗau, har ya ja da baya.

Ba wanda ya kalli Yari.

Ya nemi benci ya zauna. Wani tunani ya zo masa wanda bai taɓa zuwa ba: to ko dai muryar ta daɗe da tafiya? Ko shi kaɗai yake jin ta a cikin kansa, mutane kuma suna ajiye almakashi ne don ganin girman furfura? Mutum yana yi maka kara, amma ƙarfe ai ba ya kunyar kowa. Zufa ta karyo masa daga ƙarƙashin hula.

Aka kira azahar, shi da Alhaji Siddiq suka je suka dawo. Wayar Alhaji Siddiq ta yi ƙara, ya duba, ya mayar aljihu bai amsa ba. Kowa ya san masu kiran.

"Baba, mu ƙara sau ɗaya," in ji Rahila. Ta ja ƙarfin sama, ta danna, ta miƙo masa makirfon har inda yake zaune.

Yari bai tashi ba. A hankali ya ce, "Bari, ɗiyata. Alhaji, kira Nu'uman. Kar ka ji kunya gaban mutane saboda ni."

Rahila za ta goge, sai hannunta ya tsaya. Ta kunna. Muryar Yari ta cika shagon, mai kauri, kowace kalma a fili: kira Nu'uman.

"La'ilaha illallahu!" Alhaji Siddiq ya miƙe. "Ya yi ihu ba a ji ba, ya yi raɗa an ji?"

"Baba, tashi," in ji Rahila. "Yi mini kiran nan kawai. Wannan karon ba kai zan kalla ba."

Ta bar wurin ƙara ƙarfin a buɗe, ta zuba masa ido. Yari ya tashi ba don ya yarda ba. Yana cewa "Jama'a", ɗan madannin ƙarfin ya sulale da kansa ya faɗa ƙasa, ba wanda ya taɓa shi, kuma ya ƙi dawowa.

Rahila ta tafa hannu. "Kun gani? An saita kwamfutar ne ta rage da kanta in ƙara ta yi mata yawa. Kowa da ke zuwa nan da sallama yake farawa, a hankali. Shi Baba da tsawa yake buɗewa. Tana jin ta sai ta toshe kunne, sauran maganar duk ta wuce ta."

Yari ya daɗe yana kallon kwamfutar, baki buɗe. "Wato tsoro ta ji?"

"Kusan haka. Mafi sauƙi, Baba, ka bar kiran, ka fara da saƙon."

"A'a! Shela ba kira? Wa zai saurare ka mudu na motsi? Sai ka tsayar da kasuwa tukuna, sannan ka yi mata magana. Ki gaya wa akwatin naki ya yi ƙarfin hali."

Rahila ta nemo inda aka ba kwamfutar izinin ragewa, ta cire. Ta sa ƙarfin a tsaka-tsaki, ta ce ya ja baya har bakin ƙofa don kiran, in ya zo saƙon ya tako gaba. Haka aka yi. Kafin la'asar Alhaji Siddiq ya tsaya gaban 'yan kasuwa ya kunna musu, ba wanda ya ƙara ambaton Nu'uman.

Washegari da yamma Yari yana tsaye wajen mai kunu a bakin layin 'yan hatsi, yana ba da labarin yadda ya razana kwamfuta, har ya ɗaga kofi zai kurɓa. Bai ga keken da ya shawo kwana ta bayansa ba.

"Jama'aaaa!"

Kofin ya suɓuce, kunu ya wanke masa gaban riga. Ya daskare da hannu a sama, har keken ya wuce da saƙon.

"Baba, lafiya?" in ji mai kunu.

Yari ya juyo gare shi. "Kai, Salihu, gaya mini tsakaninka da Allah. Duk shekarun nan haka nake yi muku?"