Efren Ya Je Gwajin Jini a Ɓoye

Efren ya ƙi zuwa asibitin unguwarsu, don a can ko atishawa ka yi sai matan coci sun ji. Ya toshe fuska da baƙin tabarau da takunkumi, ya hau motar haya ta jifni, ya sauka ya hau wata, har ƙarshen Manila, inda ake yi wa maza masu son maza gwajin ƙanjamau kyauta.

Ya miƙa yatsa, kai a sunkuye. Matar da ke ɗibar jini ta juya hannun nasa ta ƙura masa ido.

"Wannan tabon ni na wanke shi, ranar da ka faɗo daga kan mangwaro."

Innarsa ce, Tiya Luningning, yayar babarsa, shugabar mawaƙan cocinsu.

"Tiya! Ai... abokina na rako."

"Da yatsanka ka rako shi?"

"To ke me ya kawo ki nan?"

"Abin da ya koro ka shi ya koro ni, bakin matan coci. Na daɗe ina taimakawa a nan." Ta soka masa allura ba tausayi. "Ina Nestor?"

"Wanda muke haya tare?"

"Haya! Ɗakin da katifa ɗaya ce tal? Kana tsammanin don cikinka kaɗai babarka take aiko farfesun adobo cike da tukunya?"

Ta danna masa auduga.

"Gobe ka zo da shi a gwada shi. Kuma cire tabaran nan, ɗan nan. Duk gidanmu kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba."